Farar Rigar Yaya a Ƙunshin Ƙarshe

Ku yi haƙuri da shirun da na yi muku kwana biyu. Masu turo min saƙo suna cewa "Auta, ina labarin Mai Kemis, an sa rana?" duk na gani, bakin ne ya yi min nauyi. Yau zan faɗa, amma wanda ya zo neman labarin zobe da furanni ya haƙura, ba ni da shi.

Ga wanda yau ya fara shigowa: mu biyu Mama ta haifa, Yaya da ni. Baba dattijo ne a cocinmu, irin dattijon da in ya yi gyaran murya a layin gaba har mai kiɗa sai ya rage hannu. Mama ita ce uwar zumuntar mata, makullin ɗakin ajiya a haɓar zaninta yake kwana, ita ce kuma mai wanke kofunan jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ruwan inabin da ake yi a coci. Mai Kemis shi ne mai nemana. Yana da shagunan magani, babban cocin da ke ƙetaren gada yake zuwa, kuma tun da na san shi ban taɓa ganin launi a jikinsa ba: fari sama, fari ƙasa, har hankici. Kullum kafin in wanke ido saƙonsa ya riga ni tashi, aya guda da hoton kurciya, a ƙasa ya rubuta, "Amaryata, ki kiyaye tsarkinki." Mama in ta hango motarsa a ƙofar gida har jikinta rawa yake.

Yaya kuwa, a gidanmu yanzu ba a ambatonta. Ta yi ciki ba aure, wanda ya yi mata alkawari ya kashe waya ya ɓace. Coci ya sa ta a horo: aka hana ta jibi, aka cire ta daga mawaƙa, aka mayar da ita bencin baya kusa da ƙofa, inda ake jingine tsintsiya. Ta karɓa. Kowace Lahadi tana can da cikinta, kai a ƙasa. Na ɗauka iyakar hukuncin ke nan, sai wata safiya Baba ya ce ta bar masa gida, jaka ɗaya ya yarda ta ɗauka. Ba a jima ba Mai Kemis ya fara zuwa gaisuwa, aka ce masa babbar 'yar gidan tana karatu a wani gari. Ni ma aka ja min kunne in faɗi haka, na kuwa faɗa.

Tana wani ɗaki a bayan kasuwa yanzu, tana ɗinki a shagon wata mata. Ta haifi mace. Mama ba ta taɓa ɗora ido a kan yarinyar ba. A wayata "Tela" na ajiye lambar Yaya, don Mama takan ɗauki wayar ta ce za ta duba lokaci, ta ƙare tana karanta min saƙonni.

To, ga abin da ya faru. Zumuntar mata sukan yi rabon sadaka, a tara tsofaffin kaya a ba gwauraye da marasa hali. Bana Mai Kemis ya ce zai ƙara da maganin yara kyauta, zai kuma kawo mai hoto. Mama ta yi ta faɗa wa duk wanda ya tsaya, har mai kawo mana ruwa sai da ya ji. Ranar Juma'a falonmu ya koma shagon wanki. Mama tana da dokarta: a wanke, a goge, a fesa turare, a ninke, sannan a ƙunsa a zani a ɗaure, rigar da ta fi kyau a sama.

"Abin da za a miƙa wa Ubangiji ba a kai shi da datti," in ji ta, tana shinshina hammatar wata riga.

Ni ce a kan guga. Na yi nisa, bayana har ya ƙage, na sa hannu cikin kwando na jawo wata farar riga. Tun kafin in baza ta gabana ya faɗi. Doguwa ce, da ƙananan maɓallai jere a baya, a ƙasan gefen hagu an ɗinka wani ɗan fure. Ni na san abin da ke ƙarƙashin furen nan, domin ni na ƙona wurin da dutsen guga ana gobe za a yi wa Yaya baftisma. Ba ta dake ni ba, ba ta kai ƙara ba, dariya ta yi ta ce, "Ke dai hannunki ba na guga ba ne," ta ɗauki allura ta rufa min asiri.

"Mama, wannan ta Yaya ce."

"Na kwashe kabad ɗinta kaf. Kayan aurenki ne za su shiga wurin."

"Rigar baftismarta ce fa, Mama."

Ba ta ko ɗago ba. "Wadda ta sa rigar nan daban, wadda ta fita daga gidan nan daban. Goge ki ninke, rana tana yi."

A gidanmu ba a mayar wa Mama magana. Sai na yi wayo irin nawa. Na goge rigar, na ƙunsa ta a wani koren zani da zan gane, na tura ta can ƙarƙashin tulin ƙunsuna. Na ce gobe in an shiga hidima, ido ya koma kan mai hoto, sai in zare ta in cusa a jakata. Ina ta yaba wa kaina dabara, ban san rami nake haƙa ba.

Da yamma wayata ta yi ƙara. Tela.

"Auta, zazzaɓin yarinyar nan ya ƙi sauka, ga tari. Nas ta rubuta min magani amma sai madam ta sallame mu ƙarshen wata."

Ta turo hoton sunan maganin. Na leƙa kwalayen da Mai Kemis ya jibge mana a baranda, ga shi nan, iri ɗaya sak, amma an naɗe kowane kwali da salatif an buga hatimin shagonsa. Na san za ku ce me ya hana ni roƙonsa kwalba ɗaya. Zai tambaye ni ta wa, ni kuma bakina ya riga ya ce masa Yaya tana karatu.

Na rubuta mata, "Akwai irinsa a nan. Gobe ki zo coci ta ƙofar baya, ki tsaya wajen famfo. In an buɗe kwalayen zan miƙo miki, ba wanda zai gan ki."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata, Yaya."

Ranar Asabar na sa leshin da ya saya min, ruwan madara, mai duwatsu a wuya, wanda in na zauna yake soke ni a ƙugu. Mama ta ɗaura zanin zumunta ta kafa ɗaurin da sai ta sunkuya take shiga mota. Muka isa muka tarar an kafa rumfa a farfajiyar coci, an rataya ƙyalle mai ɗauke da fuskar Mai Kemis, fuskar ta fi ƙofar coci faɗi. A ƙarƙashinsa tebur da farin mayafi, an jera kwalaben magani hawa-hawa, shi kuma yana tsaye a gefe cikin fararensa yana gyara wadda ta karkace da ɗan yatsa.

Fasto ya buɗe da gajeren wa'azi, ya ce mai bayarwa ya bayar a ɓoye, Allah zuciya yake dubawa ba taro ba. Mai hoto ya ɗaga hannu ya ce iska ta ɗauke muryar, a taimaka a maimaita. Fasto ya gyara kwala ya maimaita. Aka yi tafi.

Wayata ta girgiza. "Na iso, ina wajen famfo."

Na lallaɓa gefen tebur na sa hannu kan kwalba ɗaya. Kafin in ɗaga, hannunsa mai sanyi ya sauka kan nawa.

"Amaryata, za ki ɓata min tsari."

"Ɗaya kawai, Yallaɓai. Wata mata ce a baya, 'yarta ba lafiya, tana jin kunyar shigowa."

Ya yi murmushin nan nasa da ba ya kaiwa ido. "Kowace kwalba sai ta shiga hoto kafin ta bar teburin nan. Mutane suna buƙatar su gani don su koya. Mai jin kunya ai ba ta matsu ba, in ta matsu ta shigo layi."

Na koma bayan rumfa na rubuta mata, "Ya hana. Ki koma gida, zan san yadda zan yi."

"Jikinta kamar wuta, Auta. Zan shigo layin."

"Don Allah kada ki shigo!"

Na ga ta karanta. Kafin in zagaya wajen famfo Mama ta ƙwala min kira, ta tsayar da ni bayan tebur, ta ce ni ce zan riƙa miƙo mata ƙunsuna, don dangin miji su ga a hoto cewa yarinyar tana da hidima.

Ku ji yadda ake rabon. Mace ta matso, Mama ta miƙa mata ƙunshi da hannu biyu. A nan take sai ta kwance, ta ɗaga rigar da ke sama ta kara a ƙirji, ta kalli mai hoto ta yi murmushi. Mai Kemis ya ɗora mata kwalba a tafin hannu, amma ba zai saki ba sai mai hoto ya ce ya yi. Sannan ta ce, "Allah ya saka da alheri, uwar zumunta," ta wuce. Wata tsohuwa da ba ta da haƙora sai da aka sa ta yi murmushi sau uku, wai na farko bai nuna godiya ba. Matan zumunta suna gefe suna waƙa suna kaɗa hankici.

Ni dai ina miƙa ƙunshi ina leƙen layi. Can ƙarshe na hango ta. Ta ja gyale ta rufe rabin fuska, goyo a baya, silifas ɗinta ɗaya an ɗaure da waya. Duk wadda ta zo bayanta sai ta matsa ta ba ta wuri, ita dai tana so ta zama ta ƙarshe, ko mutane sa ragu. Tulin ƙunsuna yana ta raguwa, layi yana ta raguwa. Sai a lokacin lissafin ya faɗo min. Na ɓoye koren ƙunshi a ƙarshe, ita ma ta ɓoye kanta a ƙarshe.

Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin tebur ko wani ya faɗi. Babu. Koren nan kaɗai ya rage.

"Miƙo mana, me kike nema a ƙasa?" in ji Mama ta cikin haƙora, fuskarta na murmushi ga mai hoto.

Na miƙa. Mama ta juya da hannu biyu, Yaya ta matso. Mai hoto ya ce, "Baiwar Allah, a ɗan sauke gyalen, ba a ganin fuska."

Ta sauke.

Waƙar matan zumunta ta mutu ɗaya bayan ɗaya, kamar ana kashe fitilu. Duk sun san ta, wasunsu a hannunsu ta girma, rabin rigunan da ke jikinsu ita ta ɗinka. Baba yana zaune kusa da Fasto, sai ya ga takalminsa yana buƙatar kallo. Mama kuwa, na rantse muku, murmushinta bai motsa ba, jijiyar wuyanta ce kawai na ga ta tashi.

"A kwance a ɗaga riga," in ji mai hoto.

Yaya ta kwance. Ta ɗago farar rigar, ta baje a hannunta, ƙamshin turaren Mama ya tashi. Na ga idonta ya sauka kan maɓallan, ya gangara har kan furen nan, ta shafa shi da babban yatsa. Ba ta kalli Mama ba, ni ta kalla. Ban san me ta gani a fuskata ba, ni dai na so ƙasa ta tsage.

"Kai, wannan ya yi kyau!" Mai Kemis ya tafa hannu. "Fara tas, ga kuma jaririya. Mama, ki ɗan rungume ta, wannan shi ne hoton da za mu sa a gaba."

Mama ta rungume ta. Tun ranar da Yaya ta fita da jaka ɗaya, wannan ne karo na farko da jikinsu ya haɗu, kuma mai hoto ne ya ƙirga musu. Hannun Mama yana kan kafaɗar Yaya, yatsunta saura kaɗan su taɓa kan jikarta, amma idonta yana kan kyamara. Yarinyar ta yi wani tari mai cin rai, ban san lokacin da hannuna ya miƙe wajenta ba.

"Ya yi," in ji mai hoto. Mai Kemis ya saki kwalba.

Yaya ta ninke rigar a nutse, ta ɗan rusuna, ta ce da murya sarai yadda kowa zai ji, "Allah ya saka da alheri, uwar zumunta."

Ta juya ta nufi ƙofa. Ina jin Mama tana ce min, "Tsaya nan," ƙasa-ƙasa, amma ƙafata ta riga ta tafi. Ban yi raɗa ba, da ƙarfi na kira, har mai hoto sai da ya waiwayo.

"Yaya!"

A bakin ƙofa na cim mata. Na kwance goyon na karɓi yarinyar, jikinta zafi rau. Yaya ta buɗe kwalbar ta ba ta a murfi, rabi ya shiga, rabi ya dawo kan leshin Mai Kemis, ja, mai danƙo, tun daga duwatsun wuya har ciki. Ban goge ba.

"Yaya, wallahi ɓoye miki ita na yi, so nake in kawo miki..."

"Na sani." Ta mayar da goyonta tana ɗaure zani. "Gugar ma na gane taki ce, kin bar layi biyu a hannu." Ta so ta yi dariya, abin ya ƙi. "Koma ciki, Auta. Kada ki rasa naki saboda ni. Na samu abin da na zo nema."

"Rigar fa?"

"Yadin mai kyau ne. Zan yanka in yi wa wannan 'yan riguna, ba ta da na sawa."

Ta tsallaka titi ba ta waiwayo ba. Na tsaya ina kuka a ƙofar gidan Allah, a ciki kuma an ɗora waƙar godiya.

Da muka isa gida Baba ya ce, "Za mu zauna da ke," ya shige falo. Na wuce kicin in sha ruwa na tarar Mama ta riga ni, ko ɗaurin ba ta cire ba, ta jawo tiren kofunan jibi na gobe Lahadi tana dirza. Kofunan nan tun ranar Laraba ta wanke su. Tana dirza bayan ɗaya har yana ƙara, ta ajiye, ta ɗauki wani. Na juya zan fita sai na ji muryarta, ba ta waiwayo ba.

"Jikin nata da zafi sosai?"

"Sosai, Mama."

Hannunta ya tsaya. Na jira, Allah ya sani na jira, ko za ta ce ɗauko min gyalena mu je. Sai ta ce, "Ki jiƙa leshin nan tun bai kama ba. Kada mijinki ya ga tabo." Ta ci gaba da dirza.

Na shiga ɗaki na zauna bakin gado, kabad ɗin Yaya a buɗe, wayam, sai rataye-rataye. Wayata ta yi ƙara. Mai Kemis ne, ya turo hoton. Ga Mama tana murmushi, ga shi cikin fari, ga Yaya riƙe da rigarta, ga hannuna ya shigo daga gefe yana neman kan yarinyar.

"Amaryata, yau kin ɗan ba ni kunya, amma na yafe. Yarinta ce."

Na rubuta, "Yayata ce. Uwa ɗaya uba ɗaya. Ba karatu take ba."

Amsar ba ta ɗau lokaci ba.

"Na sani ai. Tun kafin in taka gidanku na yi bincike. Ni na ce wa Baba ba zan iya neman aure a gidan da take ciki ba, mutum irina dole ya kiyaye shaidarsa. Baba ya fahimta, Allah ya albarkace shi."

Na karanta na sake karantawa. Ashe ba kishin Ubangiji ne ya fitar da Yaya da tsohon ciki ba, share wa baƙo hanya aka yi. Ashe ni ce aka yi wa sharar. Ƙaryar karatun da nake ta yi masa ina jin nauyi, yana kallona ne kawai yana gyaɗa kai.

Wani saƙon ya shigo. "Shi ya sa na ce Mama ta rungume ta, duniya ta ga mu masu gafara ne. Gobe bayan sujada zan sa hoton a shafina. Hannunki ne kawai ya ɓata shi, zan sa a yanke."

Na dubi jan tabon da ke ƙirjina, ya riga ya bushe. Ban yi addu'a ba, ban nemi shawarar kowa ba.

"Kada ka tsaya a hannu. Ka yanke ni gaba ɗaya, daga hoton da duk abin da ka shirya. Leshinka zan aiko maka yadda yake."

Na tura. Na ga alamar ya buɗe, na ga ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya. Na jawo ƙaramar jakata daga ƙarƙashin gado na fara zuba kaya, ban ma san ko gudu nake shiryawa ko jiran kora ba.

A kicin ƙarar dirzar kofi ta ɗauke. A falo kuma wayar Baba ta fara ringi, na ji ya gyara murya ya ce, "A'a, surukina, yanzu nake shirin kiranka."